Jinya a bayan doki: aikin zagin yaro mai naƙasa, da abin da Guider za ta buƙata

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗon Guider, ko a Garwa, ko a Demsa ta Gashiga inda dawakin fada suka yi suna, ya san irin dokin da ake so a ƙasar nan. Ingarma ake so mai zafin nama, wanda zai taso a sukwane daga ƙarshen fili, mahayi ya ja linzami, ya tsaya cak gaban sarki ƙura na tashi. Hausawa na ce da wannan jafi, takardun masu yawon buɗe ido kuma fantaziya suke rubutawa.

Akwai wani aikin doki da ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. A cikinsa doki ba ya wuce tafiyar sannu. Mahayinsa yaro ne da wataƙila bai iya zama shi kaɗai ba, kuma mutum uku ko huɗu ne ke takawa a ƙasa tare da shi. Hotunan wannan aiki sun daɗe suna yawo a Facebook da WhatsApp, har iyayen yara masu larura suna tambaya ko da gaske doki na warkar da shanyewar gaɓoɓi. Matasan da suka karanta aikin gashi ko kiwon dabbobi su ma suna tambayar abin da ake koyo idan an samu sitaj a irin wannan cibiya. Amsar tambayoyin biyu wuri ɗaya take komawa: ga mutanen da ke tafiya a gefen dokin.

Suna uku, aiki uku

Mai neman bayani da Faransanci zai ci karo da kalmomi uku da jama'a ke haɗawa wuri ɗaya, alhali ma'aikata sun bambanta su. Ta farko ita ce hippothérapie, wato gashi da motsin doki. A nan likitan gashi, wanda a asibitocin Kamaru ake ce wa kine, shi ne mai iko da zaman. Yaro ba ya riƙe linzami, ba ya koyon hawa. Dokin kayan aiki ne, kamar ƙwallon roba ko sandunan koyon tafiya da ke ɗakin gashi. Ta biyu équithérapie, wadda a Faransa aka fi nufin kula da hankali da halayya da ita: yaro mai tsoro, mai fushi, ko wanda ba ya hulɗa da mutane, yana iya shafe zaman duka yana goge doki bai hau ba. Ta uku équitation adaptée, koyon hawa sosai, sai dai an daidaita darasin da larurar mai koyo.

Bambancin yana da amfani ga mai biyan kuɗi. Cibiyar da ba ta da likitan gashi tana iya koya wa yaro hawa, yaron ya ji daɗi ya kuma amfana, amma ba ta da hurumin cewa tana jinyar gaɓoɓinsa.

Daga shan inna abin ya faro

Labarin da aka fi kafa tarihin aikin a kansa na wata mata ce 'yar ƙasar Danmak, Lis Hartel. Shan inna ya kama ta a 1944 tana da shekara 23, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta koma kan doki duk da haka, kuma a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ta zo ta biyu a wasan sarrafa doki, shekarar da aka fara barin mata su shiga wannan wasa. Sai da aka sauko da ita daga kan doki aka taimaka mata zuwa wurin karɓar lambar azurfa. Ta sake cin azurfa a 1956. Likitocin gashi na ƙasashen arewacin Turai suka fara ɗora yaran shan inna a kan ƙananan dawaki, abin ya bazu. A 1969 aka kafa ƙungiyar RDA a Ingila da NARHA a Amurka, wadda tun 2011 ake kira PATH International. Jamus ta kafa tata a 1970, shekarar da aka kafa Handi-Cheval a Faransa. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar SARDA ta fara aiki a Kef Tawun a 1973, akwai kuma irinta a Nairobi.

Yau shan inna ya ja baya: a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, bayan ganinta na ƙarshe a Borno a 2016. Yaran da suka fi yawa a waɗannan cibiyoyi yanzu su ne masu shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, larurar da likitocin Kamaru ke rubutawa IMC a katin asibiti. Musabbabanta sanannu ne a Mayo-Louti da kewaye: doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, haihuwar bakwaini, shawarar jarirai da aka yi jinkirin kai wa asibiti, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, tunda arewacin Kamaru na cikin yankin da wannan cuta ke yawan ɓarkewa lokacin zafi. Sai kuma yara masu otizim da masu tirizomi 21. Kalmar galahanga da ake ji a gidajen rediyo takan haɗa duk waɗannan a kwando ɗaya, alhali a kan doki kowannensu da irin kulawarsa da irin haɗarinsa.

Abin da takun doki ke yi wa jiki

Idan mutum na tafiya, ƙugunsa na motsi iri uku a lokaci guda: yana karkata gaba da baya, yana langaɓewa dama da hagu, yana kuma ɗan juyawa. Gadon baya da tsokokin ciki suna gyara kansu da kowane taku ba tare da mai tafiyar ya sani ba. Yaron da bai taɓa tafiya ba, jikinsa bai taɓa samun wannan darasi ba. Bayan doki mai tafiyar sannu yana juya ƙugun wanda ke zaune a kansa kusan yadda tafiyar mutum ke juya shi. Doki na yin taku kusan 100 a minti ɗaya, ke nan a zaman rabin awa jikin yaro zai amsa motsi wajen sau 3,000. Babu hannun likitan gashi da zai iya maimaita motsi ɗaya sau 3,000 bai gaji ba, kuma da wuya a sami yaron da zai yarda a yi masa hakan a kan tabarma ba kuka.

Akwai kuma zaman kansa. Yawancin yaran IMC tsokokin cikin cinyoyinsu a ɗaure suke, har ƙafafun su riƙa harɗewa kamar almakashi. Zama a kan doki yana buɗe cinyoyin a hankali, ɗumin jikin dabbar kuma, wanda ke kusa da digiri 38, yana taimaka wa tsoka ta saki. Shi ya sa a zaman gashi ba a cika ɗaura sirdi ba. Shimfiɗa mai laushi ake sawa da ɗamara mai mariƙi, don motsi da ɗumi su isa ga yaro. Uwar da ke goya ɗanta da ƙafafunsa a buɗe ta riga ta san rabin wannan hikima, ko da ba wanda ya taɓa gaya mata sunanta.

Likitan gashi yana wasa da dokin kamar yadda mai magani ke auna ƙwaya. Idan yana son yaro ya ƙarfafa ciki da baya, sai ya sa a tsaya a tashi, a tsaya a tashi. Idan ɓangare ɗaya ne mai rauni, sai a riƙa kewaya da'ira ta ɓangaren da zai tilasta wa wannan gefen aiki. Wani yaron a juya shi yana kallon wutsiya, hannuwansa dafe da kuturin doki, don kafaɗu su ɗauki nauyi. Wani a zaunar da shi a kaikaice.

Mai sitaj, zagi ne

A fadar Hausa akwai zagi, mai tafiya a ƙasa tare da dokin sarki, yana share hanya, yana riƙe likkafa idan za a hau ko za a sauka. Babu kalmar da ta fi wannan dacewa da aikin da ake fara ba mai koyon aiki a cibiyar jinya da doki, sai dai sarkin nasa yaro ne ɗan shekara biyar da yawu ke zuba a bakinsa.

Kafin ya kai ga zagin ma, makonnin farko a barga suke ƙarewa. Kwashe kashi, ɗebo ruwa, goge jiki, ɗaga kofato a duba ko tsakuwa ta maƙale. Ana koya masa karanta dabbar: kunnuwa da suka kwanta baya, wutsiya da ke kaɗawa da ƙarfi ba ƙuda a wurin, taku da ya ɗan ɗingisa. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda sabon shiga ke zato, domin doki mai ɗingishi karkataccen motsi yake aika wa ƙugun yaro, ya koya masa abin da aka zo gyarawa. Kafin yara su iso, mai sitaj yakan zagaya da dokin ya saki jiki, wani lokaci shi da kansa ake ɗorawa a matsayin yaro, a ce ya yi lilo, ya yi ihu, ya jefa ƙwallo, a ga ko dokin zai razana.

A lokacin zama, aiki a rabe yake, kuma rabon ba ya karɓar shisshigi. Mai jan ragama dokin kaɗai yake kallo. Ko yaro ya yi kuka ba zai waiwaya ba, domin a daidai wannan lokacin ne leda ko akuya za ta iya gilmawa. Idan an tsaya, sai ya juyo ya tsaya a gaban dokin yana fuskantarsa. Zagage biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su kuma yaron kaɗai suke kallo. Akwai riƙo iri biyu da ake fara koya musu. A na farko zagi na kama gaban shimfiɗa ya ɗora damtsensa a kan cinyar yaro, ba tare da ya danna ba. A na biyu, ga yaron da ya fara samun ƙarfi, diddige ko idon sawu kawai ake tallafa. Mutum na tafiya rabin awa cikin yashi da hannu a ɗage, kafaɗa takan yi tsami, kuma doka ita ce ba a sakin yaro don canza hannu sai an sanar an tsayar da doki.

Abin da ya fi ba sababbin zagage wuya shi ne rashin taimako. Yaro ya karkata hagu, zuciya na cewa a miƙar da shi. Amma idan an miƙar da shi kullum, tsokar da aka zo tayarwa ba za ta tashi ba. Ana so zagi ya ba shi daƙiƙa kaɗan ya gyara da kansa, ya shiga ne kawai idan karkatar ta kai ga haɗari. Haka ma magana. Idan likita ya ce wa yaro ya taɓa kunnen doki, yaro mai raunin ƙwaƙwalwa na iya buƙatar lokaci kafin umarnin ya isa hannunsa. Zagin da ya maimaita umarnin sau uku don tausayi ya ruɗa shi ke nan. Murya ɗaya ake so a fili. Ga wanda ya tashi a gidan da kowa ke sa baki a tarbiyyar yaro, kuma hakan ne daidai a gida, wannan shirun sai an koya.

Sannan ana maimaita saukar gaggawa har ta zama jiki. Idan doki ya firgita ko yaro ya fara farfaɗiya, zagi ɗaya da aka riga aka ayyana shi ne zai rungumo yaron ta ƙugu ya janye shi baya ya yi nesa, ɗayan ya tabbatar ƙafa ba ta maƙale ba, mai ragama kuma ya kawar da dokin ta yadda ƙafafun baya ba za su juyo wajen yaro ba. Hular kwano ta mahaya, daidai kan yaron, wajibi ce a kowane zama.

Bayan yara sun tafi, sai rubutu. Minti nawa yaro ya riƙe kansa a miƙe? Sau nawa aka tallafe shi? Ya saki mariƙi da hannu ɗaya ko biyu? Likitocin gashi na da ma'auninsu, irin GMFM da ke gwada kwanciya, zama, rarrafe, tsayuwa da tafiya, da GMFCS da ke kasa yaran IMC mataki biyar, daga mai tafiya da kansa zuwa wanda sai an ɗauke shi. Mai sitaj da ya dawo gida da hotuna masu kyau amma bai iya cika wannan takarda ba, yawon shaƙatawa ya je.

Yaran da ba a ɗorawa

A nan ne gaggawar iyaye ke iya zama hasara. A gari irin Guider samun aron doki ba wuya ba ne, kuma uban da ya ga bidiyo yana iya cewa bari a gwada da na maƙwabci. Akwai yaran da hawa ke iya naƙasawa fiye da yadda suke.

Wasu daga cikin masu tirizomi 21 ƙashin wuyansu na farko da na biyu ba su riƙe juna da kyau ba. Girgizar doki ko faɗuwa na iya sa ƙashi ya danne laka, yaron da ke tafiya da ƙafarsa ya koma kwance. Saboda haka cibiyoyi ba sa karɓar su sai da takardar likita. Yaran IMC masu tsananin ɗaurewar tsoka sau da yawa kan ƙashin cinyarsu ya fara zamewa daga gurbinsa a kwatangwalo, ba tare da iyaye sun sani ba, kuma buɗe ƙafafun da ƙarfi a kan faffaɗan doki zai ƙara ɓarna. Hoton ƙashi ne ke nuna wannan. Farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, ƙashin baya da ya karkace sosai, ƙashi mai saurin karyewa, gyambon zama a ɗuwawu, duk suna hana hawa. Yaron da bai kai shekara biyu ba ba a ɗora shi ko a hannun likita, cibiyoyin koyon hawa kuma galibi daga shekara huɗu suke karɓa. Wanda bai iya riƙe kansa ba ko kaɗan, nauyin hular kwano ma kaya ne a wuyansa.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kai ba. Yaro mai sikila zafi da ƙishirwa na iya tayar masa da ciwo. Mai asma ƙurar hunturu da ta barga ba su yi masa kyau. Ƙasar da dawaki ke kashi a cikinta gidan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ce, don haka katin rigakafin yaro da na ma'aikata abin dubawa ne tun ranar farko.

Yana aiki kuwa?

Yana taimakawa, ba ya warkarwa. Raunin da ya sami ƙwaƙwalwa yana nan, doki ba ya goge shi. Binciken da aka yi a kan yaran IMC ya fi nuna ci gaba a daidaita zama, riƙe gangar jiki, da sassaucin tsokokin cinya, wanda wani lokaci na ɗan lokaci ne bayan zaman. Yawancin binciken kuwa yara kaɗan ne a cikinsa, kuma ba a iya ɓoye wa yaro ko iyayensa cewa doki ya hau, yadda ake ɓoye ƙwayar gwaji. Saboda ƙarancin hujja mai ƙarfi, hukumar da ke yanke abin da inshorar lafiya ta gwamnati za ta biya a Jamus ta ƙi sa gashi da doki a jerinta a 2006, a ƙasar da aikin ya yi shekaru da kafuwa. A ɓangaren otizim, wani gwaji da aka yi a jihar Kolorado ta Amurka aka wallafa a 2015 ya raba yara fiye da 100 gida biyu na mako 10: waɗanda suka hau doki sun fi waɗanda suka yi darasin barga ba doki raguwar saurin fushi da rashin natsuwa.

Akwai kuma abin da ma'auni ba ya kamawa sosai, wanda a nan ƙila ya fi nauyi fiye da Turai. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, kuma a garuruwanmu da yawansu a ƙuryar ɗaki suke girma. Wani a ce ɗan ruwa ne, wani a ce aljanu suka musanya shi, a kudu a ce ɗan maciji. Ga shi doki a wurin Bahaushe da Bafulatani alamar girma ce, kowane yaro da dokin kara ya fara wasa. Yaron da kullum daga ƙasa yake kallon mutane, ranar da ya hau doki su ne ke ɗaga kai su kalle shi. Kakar da ta ga haka da idonta, da wuya ta koma gida ta ci gaba da cewa a rufe shi idan baƙi sun zo.

Dokin jafi da dokin jinya

To, ko dawakin da ke bargar fada za su yi? Yawancinsu ba za su yi ba yadda suke, kuma wannan ba aibu ba ne gare su: an hore su ne don wani aiki. Dokin hawa ingarma ne, an saba masa da linzami mai zobe mai cizon baki, da ƙaimi, da likkafa mai kaifin gefe. An koya masa cewa taɓin diddige na nufin tashi a guje. Ƙafar yaron IMC kuwa takan miƙe ta matse cikin doki ba da nufinsa ba. Sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya yana riƙe mahayi da kyau a sukuwa, amma yana kulle ƙugu, ya tare motsin da aka zo nema.

Dokin jinya galibi dandaƙaƙƙe ne ko goɗiya mai sanyin hali, wanda ya manyanta, mai taku daidai, wanda za a ja shi da ragama kawai. Kada ya cika tsawo, domin zagi na buƙatar hannunsa ya kai cinyar yaro ba tare da ɗage kafaɗa ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada mahayi da kayansa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dabbar. Horar da irin wannan doki watanni yake ci: a saba masa da keken guragu, da sanduna, da ihun yara, da tsayawa cik kusa da dakalin hawa.

Arewacin Kamaru na da wata dabbar da ta cancanci a dube ta. A kwarin Logone, tsakanin Mayo-Danay da Cadi, Musey na kiwon ƙuru, ɗan gajeren doki mai tsawon kusan mita 1.2 a kafaɗa, mai juriya, wanda ya fi manyan dawaki jure ciwon sammore. Christian Seignobos da abokan aikinsa sun wallafa littafi a kansa a 1987. Tsawonsa ya dace da zagi da ƙaramin yaro. Sai dai takun ƙuru gajere ne mai sauri, yana farkar da jikin yaro mai laushin tsoka, amma yana iya ƙara wa mai ɗaurarriyar tsoka ɗaurewa. Likita ne zai haɗa kowane yaro da dabbar da ta dace da shi. Jaki ma, da ya cika ƙauyukan Mayo-Louti, ana aiki da shi a Faransa da Italiya da Ingila, musamman wajen yaran da ake son su saba da taɓawa da kula da dabba, ko da yake takunsa bai kai na doki kama da tafiyar mutum ba.

Abin da za a haɗa a Guider

Idan aka lissafa, abin da garin ke da shi ya fi abin da ya rasa yawa, sai dai wanda ya rasa ɗin ne mai tsada. Akwai fili. Akwai harawar gyaɗa da ta wake, da dusa, da kanwa, a yankin da ya yi suna da noman gyaɗa. Akwai masu kula da barga da suka gaji sanin doki kaka da kakanni, waɗanda za su gane dabba ba ta da lafiya tun kafin ɗan makaranta ya buɗe littafi. Wajen lafiyar dabba, ɗakin binciken LANAVET na Bokle kusa da Garwa, kilomita kusan 100 daga Guider, akwai makarantar likitocin dabbobi a Jami'ar Ngaundere da cibiyar horar da ma'aikatan dabbobi a Marwa.

Wanda ya yi ƙaranci shi ne likitan gashi da ya san yara. Babbar cibiyar gyaran gaɓoɓi ta ƙasa, wadda Kadinal Paul-Émile Léger ɗan Kanada ya kafa a farkon shekarun 1970, tana Etoug-Ebe a Yawunde, tafiyar kwana da wuni daga nan. A arewa akwai gidauniyar Bethléem ta Mouda, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, da ke karɓar yara masu naƙasa tun 1997. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen likitanci, kuma daga irin waɗannan wurare ne masu sitaj za su fito. Dokar ƙasa mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilun 2010 ta tanadi gyaran gaɓoɓi da tallafin karatu ga masu naƙasa, tare da katin shaida da ake nema ta ofishin kula da jin daɗin jama'a. Iyalai da yawa ba su karɓi katin ba, kuma wannan ya fi neman doki gaggawa.

Lissafin kuɗi ma sai a yi shi da idon basira. Doki na cin abinci kullum, ko an hau ko ba a hau ba, kuma zaman yaro ɗaya na cinye lokacin manya huɗu. A Ingila masu aikin sa kai ne ke ɗauke wannan nauyi. Ƙungiyar da kuɗinta ba su wuce albashin mutum ɗaya ba, gara ta ɗauki kine ya riƙa zagaya gidaje yana koya wa iyaye yadda za a zaunar da yaro, a ciyar da shi ba ya shaƙewa, a haɗa masa kujerar kusurwa wurin kafinta. Doki ƙari ne a kan wannan. Inda zai yi sauƙi shi ne idan wata fada ko wani mai dawaki ya ware dabba ɗaya ko biyu da suka manyanta, ya ci gaba da ciyar da su, asibiti ya ba da likita safiya ɗaya a mako, ɗaliban makarantun lafiya su zama zagage.

Lokaci kuma yanayi ne zai tsara shi. A Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai na haura digiri 40, don haka zama sai da sassafe, a gama kafin rana ta ɗaga, da ruwan sha a kusa ga yaro da dabba. Da hunturu a yayyafa wa fili ruwa saboda ƙura. Da damina a nemi wuri mai yashi da ba ya santsi, a kewaye shi da shinge don awaki da 'yan kallo, a kuma nisanta shi da hanyar masu babur. Ana tsara zama sau ɗaya ko biyu a mako na wata biyu zuwa uku, sannan likita ya sake auna yaron da ma'aunin da ya fara da shi, ya zauna da uwa da uba ya nuna musu takardar farko da ta ƙarshe, a yanke ko za a ci gaba ko a ba wani yaron gurbin.